Tumatir ɗina ya ƙone a buhu, ya ake haɗa ƙasa mai rai a gida?

Maman Sadiya:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu lambu da duk wanda ya san harkar shuka ku taimaka min da shawara, abin ya dame ni sosai. A Kano nake, tsakar gidanmu duk siminti ne babu inda zan yi shuka sai a buhu, to a watan Oktoba na samo buhunan shinkafa guda 12 na cika su da ƙasa na dasa tumatir da attaruhu, na yafa alayyahu da ɗan salak. Ƙasar daga inda ake haƙa fandishon wani gida a layinmu yara suka ɗebo min, ja ce mai danƙo, sai na zuba mata kashin kaji da na karɓo wajen maƙwabciyata mai kiwon kajin gidan gona, a ranar aka share shi daga ɗakin, na kuma ƙara tokar murhu da yawa don an ce min tana korar ƙwari. Satin farko lafiya lau, sati na biyu bakin ganyen ya fara bushewa kamar an kara masa wuta, in na zuba ruwa sai ya kwanta a sama ya daɗe bai shige ba, da rana kuma saman ya tsattsage ya yi tauri kamar bulo. Jiya na tuge guda ɗaya na ga saiwar 'yar gajera ta yi baƙi, buhun kuma yana wani wari mai hawa kai irin na ɗakin kaji. Alayyahun ma ko fitowar kirki bai yi ba.

Ƙanina ne ya nuna min wasu bidiyo a YouTube na mutanen Amurka da Kanada suna haɗa ƙasa da kansu suna ce mata ƙasa mai rai, wai in ta haɗu ruwa kawai ake ba ta, ba a sa takin zamani ko kaɗan. Sai dai na lura yawancinsu tabar wiwi suke shukawa a ciki, abin ya ɗaure min kai, ni dai kayan miyar gidana nake nema. Shin irin wannan ƙasar tana yi wa tumatir? Kuma kayan da suke lissafawa su garin ciyawar teku da garin kifi da wani farin dutse mara nauyi, ina zan same su a nan? Sannan wannan ƙasar da ke cikin buhunan zubar da ita zan yi ko tana gyaruwa? Na gode.

Baba Mai Lambu:

Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, kar ranki ya ɓaci, kusan duk wanda ya fara shuka a buhu sai ya yi irin wannan. Ni tun ina yaro nake lambu a wajen Kura, bari in faɗa miki abin da na gani a bayaninki.

Ƙasar fandisho ƙasar ciki ce, ba ta taɓa ganin ganye ya ruɓe a kanta ba, babu tsutsar tana babu komai a cikinta, ta gini ce. Ƙasar noma ita ce ta sama, gwargwadon taƙi ɗaya, mai duhu mai wargajewa a hannu. Sannan ɗanyen kashin kaji wuta ne, a cikin takin dabbobi babu mai zafinsa, mu ko a fili ba ma sa shi kusa da gindin yabanya sai ya daɗe ya huce balle a buhu da babu inda zafin zai gudu. Kin kuma haɗa shi da toka, ita toka in ta gamu da ɗanyen kashi sai ta tayar da wannan warin da kika ji, ƙarfin takin ne yake fita iska yana ƙona saiwa a hanya. Toka ɗan barbaɗe ake yi, cikin tafin hannu ɗaya ya ishi buhu, kuma ba rana ɗaya da ɗanyen taki ba.

Wannan da Turawa suke cewa ƙasa mai rai ai mun gaje ta. Da can da rani za ki ga jakuna da mangala suna fita daga cikin birni da takin juji ana kaiwa gonakin kewaye ana jibgewa tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka, shi ya riƙe gonakin Kano ana noma su shekara da shekaru ba a bar su sun huta ba. Sai dai jujin da, kashin awaki ne da toka da sharar tsakar gida da ragowar harawa, jujin yanzu kuwa leda ce da batir da fasassun kwalabe, don haka kar ki ɗebo na bola, ki yi naki.

Ki samu lungu mai inuwa ko tsohon duro da aka huda. Ki shimfiɗa busasshen abu a ƙasa, karan dawa da aka sassara ko busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa, kaurin taƙi guda, ki bi shi da kashin dabba kamar yatsa uku, ki zuba ɓawon kayan miya da ragowar ganyen da kika gyara, ki watsa ƙasa mai kyau kaɗan, ki yayyafa ruwa, ki sake komawa kan busasshe, haka haka har ya kai miki ƙugu. Ruwan kar ya yi yawa, in kin damƙa a hannu ki matse ki ji danshi amma kar ya zubo. Ki rufe da tsohuwar tabarma. Ki soka sanda a tsakiya, bayan kwana uku ki zaro ki taɓa, in kin ji ta da zafi to aiki ya kama. Duk sati biyu ki juya shi na waje ya koma ciki. Wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya yi laushi ya daina wari, ƙamshin ƙasar ruwan farko za ki ji, kuma ba za ki iya gane wannan kara ne wannan kashi ne ba. Nama da mai da ragowar miya kar ki sa, ɓera za su kawo miki.

Abdul Agirik:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Ni dai zan ɗan ƙara ta ɓangaren abin da muka karanta. Anti, rai ɗin da ake nufi ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, bakteriya da fumfuna, sai waɗanda ake gani irin su tana. Su ne suke cin ruɓaɓɓen ganye da kashi su mayar da shi abincin da saiwa za ta iya sha a hankali, akwai ma wata fumfuna da take manne wa saiwa ta miƙa zare siriri cikin ƙasa tana jawo mata sinadarin fosfaras da ruwa ita kuma shukar tana ba ta sukari. Takin zamani irin su NPK 15-15-15 ko yuriya shukar yake ciyarwa kai tsaye, a wannan tsarin kuma ƙasar kike ciyarwa ita ta ciyar da shukar, shi ya sa yake ɗaukar lokaci. Zafin da Baba ya ce ki ji a jikin sanda numfashin waɗannan halittun ne, tsibin da ya haɗu da kyau yana kaiwa digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas, kuma wannan zafin ne yake kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta na cikin kashi. Wannan yana da muhimmanci tunda kin ambaci salak da ake ci ɗanye, a dokar noman da ba sinadari ta Amurka ma in an sa ɗanyen kashi sai an jira kwana 120 kafin a girbe abin da yake taɓa ƙasa.

Maganar wiwi kuwa kar ta ruɗa ki. Kanada ta halatta ta a 2018, wasu jihohin Amurka tun 2012 da Kolorado da Washinton suka fara, to masu nomanta a can suna da kuɗin kashewa kuma su suka fi cika intanet da bidiyo, shi ya sa in kin nemi bayanin ƙasa su kike fara gani. Amma dabarar ta masu lambu ce tun asali, wani Bature Albert Howard ma a Indore ta Indiya ya tsara yadda ake jera tsibin taki wajen shekarun 1920, kuma daga manoman can ya koyi da yawa. A Najeriya shuka wiwi babban laifi ne, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA na kamawa kuma ɗauri ne mai tsawo, don haka ki ja kunnen ƙanin naki kallon ya tsaya a kan ƙasar kawai. Tumatir da attaruhu kuwa suna son irin wannan ƙasar sosai.

Haɗin nasu in kin cire sunaye masu tsada kashi uku ne, kashi ɗaya abin da zai riƙe danshi, kashi ɗaya takin da ya ruɓe, kashi ɗaya abin da zai bar iska ta shiga. Ke sai ki yi bokiti ɗaya na ƙasar sama, bokiti ɗaya na takin da ya nuna, bokiti ɗaya na ɓuntun shinkafa gauraye da yashi mai tsakuwa. Ɓuntun shi ne madadin farin dutsen nan, kuma a injin casar shinkafa kusan kyauta ne, in an ɗan babbaka shi ya yi baƙi bai zama toka ba ya fi. Garin kifi kuwa ki je wajen masu busasshen kifi ki karɓi burbushin ƙasan kwando da kawuna ki daka, cikin hannu ɗaya a buhu. Ɓawon ƙwai ki busar ki niƙa ya yi laushi sosai don yana daɗewa bai narke ba. Garin da ke taruwa a ƙasan buhun gawayi shi ma yana da kyau amma ki jiƙa shi da ruwan taki kamar sati biyu kafin ki zuba, in kin sa shi a bushe zai fara tsotse abincin ne. Abin da ya fi ba ni mamaki a jerin kayansu shi ne tunkuzar 'ya'yan darbejiya, su daga Indiya ake kai musu a leda, mu kuwa ga 'ya'yan darbejiyar a ƙofar kowane gida suna zuba ana sharewa. In kin haɗa ki jiƙa ki rufe ki bar shi sati uku kafin dashe, sannan ki gwada, ki cika kofi ki yafa irin alayyahu, in ya fito kore shar to ƙasar ta yi.

Ki ƙara huda ƙasan buhunan, ki ɗora su kan bulo ko duwatsu don ruwa ya riƙa fita.

Hajiya 'Yar Tawa:

Salamu alaikum. 'Yar uwa ni daga Nijar nike rubuto miki, kuma ina da buhuna da tsoffin robobi sun fi talatin a gida. Kar ki zubda ƙasar nan. Ki juye ta duka a ƙasa ki farfasa ta ki baza, ki riƙa yayyafa ruwa kina juyawa sati uku ko huɗu warin zai fita, kashin kajin da ya ƙone miki shuka shi ne zai zama abinci in ya huce. Sai dai tunda tokar ta yi yawa kuma ƙasar mai danƙo ce ki ɗauke ta a matsayin kashi ɗaya kawai, ki ninka ta da ɓuntu da wata ƙasar.

Inda nike so ki nemo ƙasa shi ne gindin gawo in kina da wani a ƙauye. Gawo da damina yake zubda ganye lokacin da sauran itatuwa ke kore, da rani kuma dabbobi na kwana a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna kashi, duk manomi ya san geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi na sauran gona. Ko rabin buhu kika samu ki raba wa buhunanki kamar yadda ake sa tsohon nono a sabuwar madara, daga nan rai zai yaɗu.

A wajenmu akwai fako da ko ciyawa ba ta fitowa, ruwa in ya sauka gudu yake yi a kai kamar yadda kika ce naki na kwanciya. Mutanen wajen Illela ta jihar Tawa da rani suke haƙa ƙananan ramuka, tassa muke cewa, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu a bari. Gara ce take zuwa cin takin ta huda ƙasar ta yi hanyoyi, in ruwa ya zo sai ya bi hanyoyin ya shige, a shuka gero a ramin ya yi. A Burkina Faso sunan wannan dabara "zai", wani dattijo Yakuba Sawadogo da ya rasu a 2023 da ita ya mayar da fako daji. Na kawo miki wannan ne don ki ga ƙasar da ta mutu tana tashi, kuma 'yan ƙananan halittun nan ne ke aikin.

Abu biyu da ban ga an faɗa ba. Ki rufe saman buhun da busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa kaurin yatsa biyu, kar rana ta ga ƙasar, amma ki ɗan janye shi daga jikin karan shukar. Da hunturu iska na busar da buhu kafin azahar, rufin nan shi ke tsare danshi kuma ƙarƙashinsa tana ke zama. Na biyu, ruwan wanki mai omo kar ya kusanci buhunan, gishirin da ke cikinsa yana taruwa ya kashe ƙasa. Ruwan wankin shinkafa ko na gero da ba sabulu shi kam ki zuba. Kuma in shuka ta gama kar ki tuge, ki yanke ta daga gindi ki bar saiwar ta ruɓe a ciki, ki ƙara taki a sama ki sake shuka, ni akwai robar da shekara uku ban juye ta ba.

Ɗan Fadama:

Duk abin da aka faɗa gaskiya ne amma a faɗa mata ɗaya ɓangaren. Tumatir yana da ci, buhu kuma ƙarami ne, maganar ruwa kawai za ki riƙa ba shi har girbi ni ban yarda da ita ba sai in mazubin babba ne sosai. Su masu bidiyon ki duba girman abin da suke shuka a ciki. In ya fara fure ki riƙa ƙara taki a sama duk sati biyu ko uku, in kuma kin ga ganyen ƙasa na yin rawaya ni ban ga laifin ɗan NPK kaɗan nesa da gindi ba. Kuma ƙasa mai kyau ba ta hana sharon, tsutsar nan da ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016, sai kina duba ganye kullum kina cire wanda ta shiga.

Sannan lokaci. In kika jira takinki ya nuna sai Fabrairu, ki dasa tumatir ya zo fure a Maris da Afrilu cikin tsananin zafi, furen zubewa zai yi. Ki nemi tsohon taki yanzu ki ceci wannan hunturun.

Maman Sadiya:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba wallahi kamar kana wajen, rana ɗaya na zuba kashin da tokar na cakuɗa. Hajiya na juye buhu takwas yau da safe na baza a bayan ɗaki. Maganar Ɗan Fadama ce ta tsaya min a rai don ban yi tunanin zafi ba sam. Akwai gidan kakarmu a ƙauye da suke da garken awaki, an ce min akwai takin da ya shekara a bayan garken, amma da aka tona an ga gwazarma a ciki manya-manya farare. Baba wannan zai yi ko zai cuci shukar? Kuma ƙasar da zan ɗebo daga tsohon lambunsu fa?

Baba Mai Lambu:

Shi ne ma abin nema 'yata. Kashin awaki da ya shekara ya huce, ba ya ƙona komai. Gwazarma ruɓaɓɓen abu take ci, ganinta alama ce takin ya nuna, amma kar ki bar ta ta shiga buhu don akwai masu kama da ita da suke cin saiwa kuma ba za ki iya bambance su ba. Ki tankaɗe takin da rariya mai manyan ido ki watsa wa kaji su. In kin ga tana kuwa ki tsince ta da hannu ki mayar cikin buhu.

Ƙasar tsohon lambu ki yi hattara. Ki sa a tuge miki tsohon gindin tumatir ko kuɓewa na wajen a duba saiwar, in an ga ta kumbura ta yi ƙulu-ƙulu kamar carbi to akwai tsutsar saiwa a ƙasar, ido ba ya ganinta, kuma in ta shiga buhu tumatir zai riƙa yaushi da rana ko da kin ba shi ruwa. Kar ki ɗebi ta nan. Amma kar a ruɗe da ƙulun saiwar wake ko gyaɗa, wannan na alheri ne, a gefen saiwa yake manne in kin murza zai fita, in kin fasa cikinsa ja-ja ne, taki yake tara wa ƙasa. Don haka inda aka cire wake ko gyaɗa bana ki ɗebi ta nan, ko gindin gawo kamar yadda Hajiya ta ce. Ni ina tare da Ɗan Fadama a kan ƙarin taki lokacin fure, sai dai ni tsohon kashin awakin nan zan ce ki riƙa barbaɗawa, tunda kina da shi. Wanda kike haɗawa a duro ki ajiye wa kuɓewa da rama da alayyahu, su ba ruwansu da zafin bazara.

Maman Sadiya:

Na dawo da labari. An kawo min buhu biyu na takin awakin da buhu ɗaya na ƙasar gonar wake, na sayo ɓuntu, na haɗa kamar yadda Malam Abdul ya ce na cika buhu shida na jiƙa na rufe. Tunda takin tsoho ne ban kai sati uku ba, a kwana na goma na yafa alayyahu a kofi, kwana huɗu ya fito kore babu ko ɗaya da ya ƙone. Na zuba ruwa a buhun ina tsaye ya shige nan take ya ɗigo ta ƙasa. Shekaranjiya da yamma na dasa tumatir huɗu da attaruhu biyu na rufe samansu da ɓawon gyaɗa, yau da safe duk sun miƙe. Tsohuwar ƙasar da na baza ta daina wari amma ban taɓa ta ba tukuna. Duron ma ya kama, jiya da na zaro sandar sai da na ji zafinta a tafin hannu, ranar Asabar zan yi juyin farko. Hajiya da na ɗaga ɓawon gyaɗar a buhu na uku na ga tana guda biyu ƙanana, na mayar na rufe su.